Tambaya da Amsa: Na san kalmomin, amma tambayoyin suna kayar da ni

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ce a Aboabo, nan Kumasi, shekarata 34, da yara uku. Na gama sakandare da daɗewa, amma Turanci ya riƙe ni, D7 na samu a jarrabawar WAEC, makin da bai kai kiredit ba. Yanzu autana ya shiga makaranta, ina so in koma in yi digiri a fannin koyarwa. Na sayi pasko, wato littafin tambayoyin jarrabawar shekarun baya, da ƙamus, kullum bayan sallar isha'i ina haddace kalmomi ashirin. Damuwata sashen auna fahimta na jarrabawar Turanci, inda ake ba da labari a karanta a amsa tambayoyi a kansa. Ina karanta labarin, yawancin kalmomin na san su, amma da na zo kan tambayoyi sai kaina ya ɗaure, in koma sama, in dawo ƙasa, har lokaci ya ƙare. Turanci kuwa ina ji, da shi nake ciniki da wasu masu kawo min ɗinki. Malam, ko girma ne ya toshe min kai?

Mai ɗinki, Aboabo

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya yaran, ya sa wa sana'a albarka. Girma bai toshe miki kai ba. A ajin yamma da nake koyarwa a Asawase, sau da yawa manya irinki sun fi 'yan samari saurin kama wannan sashe, domin labaran da ake kawowa na zaman duniya ne: tarbiyyar yara, tsadar abinci, ƙaura zuwa birni, shara a magudanar ruwa. Wadda ta riƙe gida da shago ta san waɗannan tun kafin ta gan su a takarda.

Hanya biyu ce a gabanki. Ko ki sake rubuta Turanci a jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu, wadda muke kira Nov/Dec, ki nemi C6 ko abin da ya fi shi, tunda jami'a ba ta karɓar D7 a Turanci ga mai neman digiri. Ko kuma ki bi ƙofar manyan ɗalibai, wadda a buɗe take ga duk wanda ya kai shekara 25. Jami'o'in Legon da Cape Coast da Winneba duk suna da ita, kuma akan zauna jarrabawar shiga a Turanci da lissafi da wata takarda ta auna tunani. Kowace jami'a da tsarinta, don haka ki karanta sanarwar wadda kike so da idonki, kada ki dogara da ji-ta-ji-ta, ki kuma nemo takardar haihuwarki tun yanzu, za a tambaye ta. Duk ƙofar da kika bi, wannan sashe da yake ba ki wahala yana can yana jiranki.

A takarda ta biyu ta Turancin WAEC, awa biyu ake bayarwa a kan maki 100. Insha'i yana da 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Ki duba da kyau, rabin makin takardar nan yana kan karanta rubutun wani a gane abin da yake nufi. Mutane suna kashe wata da watanni suna koyon yadda ake buɗe wasiƙa da rufe ta, su bar wannan rabin ga sa'a.

Yanzu maganar haddar kalmomi ashirin. Ki rage ta, ƙanwata. Mu 'ya'yan zango hadda ce ta raine mu, kuma ba na raina ta, ita ta riƙe mana Alƙur'ani a ƙirji. Sai dai a makarantunmu akwai wani karatun ban da hadda, kuma shi ne ake nema a nan. Ki tuna malamin zaure idan yana biya wa magidanta littafin fiƙihu. Yakan karanta jimla guda, ya tsaya, ya ce, "To, wannan lamirin ga wa yake komawa?" Ba ya wucewa sai an gano shi wa ake nufi, ita wa ake nufi, sharaɗin nan a kan wane hukunci ya rataya. Mai jarrabawar Turanci ma abin da yake tambaya ke nan. Kin san kalmomin, gaskiya ne, amma ba ki saba tsayawa ki ga yadda suka riƙe juna ba.

Ga jimla guda da nake rubutawa a allo, ki ɗauko biro mu duba ta tare:

Although the council built a new market to clear the streets, few of the traders moved in, and those who did soon regretted it.

Babu kalma mai tsauri a ciki. Amma idan na tambayi aji su wa suka yi da-na-sani, mafi yawa sai su rubuta 'yan kasuwa. Ba daidai ba ne. Waɗanda suka koma sabuwar kasuwar ne kaɗai suka yi da-na-sani, kuma su 'yan kaɗan ne, shi ya sa aka ce few. Idan na ce wannan it na ƙarshe me yake nufi, sai a ce min kasuwar. A'a, komawar da suka yi ake nufi. Sannan kalmar farko, although, tun daga bakin ƙofa ta sanar da ke cewa abin da aka yi niyya bai samu ba. Wanda ya tsallake ta zai fita da cewa marubucin yana yabon hukuma ne, alhali yana nuna aikin bai biya buƙata ba. Irin waɗannan ƙananan kalmomi, but da however da yet da unless, duk inda kika gan su ki zagaye su da biro, domin a nan magana take juyawa, kuma a nan masu jarrabawa suke son kafa tambaya.

Haka nan tambayar da ake cewa ki kawo wata kalma ta maye gurbin wadda aka ja wa layi. A ce an ja wa clear a jimlar nan. Mai haddar ƙamus zai tuna ma'anar da ya fi sani, wato abu mai haske ko bayyananne, ya rubuta ta, ya faɗi. A nan kuwa kwashe mutane daga titi ake nufi. Duk kalmar da kika zaɓa, ki mayar da ita cikin jimlar ki karanta a zuci, ki ji ko ta zauna. Idan kalmar da aka ja wa layi aikatau ce ta abin da ya wuce, taki ma ta zama haka. Kuma guda ɗaya za ki rubuta. Kada ki jera uku ki ce mai duba takarda ya zaɓa, ba zai zaɓa miki ba.

Akwai wani tarko da manya suka fi faɗawa, kuma sanin duniyar nan da na yaba ne yake jawo shi. An kawo labari a kan auren wuri ko tarbiyya, kina da ra'ayinki mai ƙarfi, sai ki amsa da abin da kika sani a rayuwa. Ba a tambaye ki ba. An ce me marubucin ya faɗa, ko da kin ga bai yi daidai ba. Kafin ki rubuta kowace amsa, ki ɗora yatsa a kan layin da kika samo ta. Idan babu layin da za ki ɗora wa yatsa, ko layi biyu da suka haɗu suka ba da ita, to daga kanki ta fito, ki sake dubawa.

Game da aikin kullum, ga abin da nake sa ɗalibaina. Ki sami jaridar Daily Graphic ko Ghanaian Times, ko ta makon jiya ce ba laifi, labari ba ya ruɓewa ga mai koyon karatu. Ki bar labaran siyasa na shafin farko, ki nemi sharhin edita, domin shi ne ya fi kama da abin da ake kawowa: mutum ne yake kafa hujja, sakin layi bayan sakin layi. Ki karanta shi sau ɗaya daga sama har ƙasa ba tare da taɓa ƙamus ba. Ki kife jaridar, ki faɗa wa yarinyar shagonki ko maigida abin da mutumin yake cewa, da Hausa. Wannan mataki shi ne ma'auni. Idan kin iya cewa "yana kukan cewa ana gina gidaje a hanyar ruwa, ya kawo dalili biyu, ya ce a hukunta masu ba da izini," to kin fahimta. Idan kika ji kina cewa "wai dai maganar ruwa ce," da saura. Sai ki koma karo na biyu, ki rubuta jimla ɗaya ta Turanci a gefen kowane sakin layi, da kalmominki. Kin ga kin fara taƙaitawa ke nan ba tare da kin sani ba, kuma a can ma abin da ake hukuntawa shi ne kwaso jimlar marubuci ɗungurungum a dire. Ƙamus sai a ƙarshe, kalma biyar ta isa, ki rubuta kowacce tare da jimlar da kika tsince ta a ciki.

Da so samu ne, ki mayar da karatun nan bayan sallar asuba. Wadda ta yini a kan keken ɗinki, idonta ya sha zare da allura, ba ta da sauran ƙarfi bayan isha'i. Minti talatin da safe kafin yara su tashi ya fi miki awa biyu kina gyangyaɗi.

Pasko kuma ki ajiye shi na ƙarshen mako, ki yi shi da agogo. Minti 30 WAEC ta ba da shawara a kashe a auna fahimta, 40 a taƙaitawa. Ki fara leƙa tambayoyin, sannan ki karanta labarin, don ki san abin da kike nema. Wannan shi ne maganin komawa sama da dawowa ƙasa da kika ambata. Kada ki buɗe amsoshin bayan littafi sai kin gama, kuma duk wadda kika faɗi ki koma ki gano layin da ya kuɓuce miki. Idan shago da gida sun yi hayaniya, ɗakin karatu na jihar Ashanti yana nan a harabar Cultural Centre, mota ɗaya ce daga Kejetia ko ma tafiyar ƙafa. Ki samo wata mai niyya irin taki ku riƙa musayar takarda, ido biyu ya fi ɗaya ganin kuskure. Ki rubuto min bayan wata biyu in ji inda aka kwana.

Tambaya: Malam, ni makanike ne a Suame Magazine, unguwar masu gyaran motoci a Kumasi, zan rubuta Nov/Dec. Wani ya sa ni a rukunin WhatsApp, ya ce in tura kuɗi ta waya zai ba ni tambayoyin Turanci kwana ɗaya kafin jarrabawa. Abokaina sun ce kowa haka yake yi. Me ka gani?

Ɗan'uwanka, Suame

Amsa: Ɗan'uwa, ka fita daga rukunin nan yau, kada ka tura ko sidi ɗaya. Yawancin masu wannan alkawari tsofaffin tambayoyi suke sake bugawa su sayar, ranar jarrabawa kuma lambarsu a kashe. In ma an dace abin na gaske ne, WAEC tana riƙe sakamako tana soke shi idan ta gano, kuɗin rajista da wahalar shekara su tafi a banza. Ban da haka ha'inci ne, ka san hukuncinsa ba sai na faɗa maka ba. Ka karanta amsar da na ba 'yar'uwarmu ta Aboabo, kai ma ta shafe ka. Littafin bayanin injin da kuke dubawa a gareji ma abin karatu ne: ka ɗauki shafi guda lokacin hutun azahar, ka karanta, ka rufe, ka bayyana wa yaranka da Hausa ko Twi matakin da ke zuwa kafin wane, da abin da aka ce kada a yi. Kuɗin da za ka ba mutumin nan, ka sayi pasko na shekaru biyar da suka wuce da shi, canjin ka biya jarida.