Tambaya da Amsa: Yaya zan koya wa 'yan aji biyu zane da ginin yumɓu, ga shi ba ni da kayan aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar firamare da ke ƙaramar hukumar Anka a jihar Zamfara, kuma an ba ni darasin zane na 'yan aji biyu, yara sun haura saba'in. Ba mu da fenti ko takardun zane, don haka nakan zana kofi ko mangwaro a allo su kwafa. Da na ce za mu fara aikin yumɓu, sai wani mahaifi ya aiko cewa bai yarda ɗansa ya yi mutum-mutumi ba. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama, sannu da ƙoƙari. A ganina rashin fenti shi ne ƙaramin abin da ke damun ajinki, babban shi ne kwafar da yaran ke yi daga allo. Idan kika zana mangwaro suka kwafa, hannunki suka kwaikwaya, mangwaron kuwa babu wanda ya dube shi, kuma wanda nasa bai yi kama da na Malama ba zai yanke wa kansa hukunci tun yana ɗan shekara bakwai cewa shi bai iya zane ba. Masanin nan na koyar da zane, Viktor Lowenfeld, ya bayyana tun a 1947 cewa yaro yakan fara da kame-kamen layuka tsakanin shekara 2 zuwa 4, sannan ya shiga zana alamun abubuwa, kuma daga shekara 7 zuwa 9, wato shekarun ɗalibanki, abin da ya sani game da abu yake zanawa fiye da abin da idonsa ke gani. Shi ya sa za ki ga ya zana gida har da mutanen da ke cikin ɗaka, ko ya yi mahaifiyarsa ta fi bishiya tsawo. Wannan ba kuskure ba ne da za a bi da jan biro.

Abin da ya kamata ki koyar shi ne kallo. Ki ɗauko butar alwala ki ɗora a kan benci a tsakiyarsu, kada ki taɓa alli, ki shiga yi musu tambayoyi: ina bakin butar ya fuskanta daga inda kake zaune? Cikinta ne ya fi faɗi ko gindinta? A ina mariƙinta ya manne? Sai kowa ya zana daga wurin zamansa. Za ki sami buta saba'in mabambanta, kuma na gefen taga zai gane da kansa dalilin da ya sa tasa ta saɓa wa ta na bakin ƙofa. Wani makon ki sa kowa ya tsinko ganyen dogon yaro ya ƙirga haƙoran gefensa kafin ya zana.

Kayan aiki kuwa suna kewaye da ke. Rairayin filin makaranta ya isa allon farko, domin ƙaramin yaro yana buƙatar ya ja manyan layuka da dukan dantsensa kafin yatsunsa su saba da fensir. Gawayi da bayan kwali sun wadatar. Ruwan zoɓo, lalle da kurkur suna ba da launi, kuma idan aka zuba ɗan jiƙaƙƙen ƙaro, kamar yadda ake yi wa tawadar allo, launin yakan kama takarda.

Batun yumɓu ne nake so mu ɗan tsaya a kansa, kuma tunda daga Anka kika rubuto, dole in fara da gargaɗi. Ba a manta da gubar dalma ta shekarar 2010 ba, wadda ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma, sanadiyyar niƙa duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gidaje. Dalma ba ta ruɓewa a cikin ƙasa, ba ta da wari, yara kuma ba sa rabuwa da kai hannu baki. Saboda haka kada ki bari a ɗebo laka daga kududdufin da ake wankin zinariya ko kusa da injin niƙan dutse, kada kuma ki ce kowa ya zo da tasa daga gida. Ki nemi maginiyar tukwane ta garinku ta nuna miki inda take haƙa, ki tabbatar wurin ya yi nesa da masu haƙar ma'adinai, sannan a wanke hannu da sabulu bayan kowane darasi. Haka nan a nisanci tozali da baƙin cikin tsohon batir da ragowar fentin gini wajen neman launi.

Idan yumɓun ya samu, a shanya shi, a daka, a tankaɗe tsakuwa, a jiƙa ya kwana, sannan a cuɗa shi sosai har iskar ciki ta fita. Magina kan haɗa shi da dakakken tsingaro ko ɗan yashi, saboda yumɓu yana tsukewa idan yana bushewa, kuma tsantsarsa ya fi saurin tsagewa. Darasin farko kada ya wuce wannan: kowa ya cura nasa kamar curin fura, ya luma babban yatsa a tsakiya, ya riƙa juyawa yana matsa gefe har ya zama ɗan kasko. Yaron da ya yi gaggawa zai ga gindin ya huje, ya sake curawa babu asara, abin da takarda ba ta yarda da shi. Bayan mako biyu ko uku sai a koma murza yumɓu kamar igiya ana ɗora wani bisa wani, a karce wurin haɗin da tsinke, a shafa ruwan yumɓu mai kaurin kunu, in ba haka ba mariƙi zai ɓalle da zarar ya bushe. Totuwar masara da sakaina sun isa yin ado. A inuwa ake shanya, kuma da hunturu a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Gasa yumɓu a wuta ba aikin 'yan aji biyu ba ne. Idan akwai waɗanda suka yi kyau, maginiyar ta sa su cikin nata bayan sun bushe ƙarau, domin ɗanyen yumɓu mai kauri yana fashewa a wuta.

Shi kuma mahaifin da ya aiko, ki girmama maganarsa, kada ki ja da shi. Hukuncin surar abu mai rai na malaman addini ne, kuma darasinki bai rataya a kanta ba. Akwai tulu, asusu, kasko, rumbu da ɗakin soro, akwai kuma zanen bango irin na dagi, da zayyanar allo, da adon ƙwarya da na hula, waɗanda duk suna koyar da daidaito da ma'auni. Ki gayyace shi ya ga asusun da ɗansa ya gina. Idan hira ta yi daɗi, ki nuna masa bayan takardar naira 20, inda Ladi Kwali take zaune tana ginin tukunya: tun tana yarinya ta koya a gida, kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954.

Yara saba'in ba za su taɓa yumɓu a lokaci guda ba, sai ki kasa su gida huɗu, kashi ɗaya na gini a ƙarƙashin bishiya, sauran na zane a rairayi ko kwali, ana juyawa kowane mako. Wajen ba da maki kuma, ki ajiye aikin kowane yaro na farkon zango, ki gwada shi da na ƙarshen zango, ki tambaye shi ya faɗa miki da bakinsa abin da ya canza.