Na bar sukari na koma zuma da dabino, shin na tsira?

Tambaya: Likita ya ce sukarin jinina ya fara hawa, shi ya sa na daina sa sukari a shayi, na koma zuma da dabino. Wata kuma ta ce in gwada stevia. Wanne ya fi?

Amsa: Malama, kin yi ƙoƙari, amma zuma da dabino ba su raba ki da sukari ba, siffarsa kawai suka canza. Farin sukari haɗin nau'o'in sukari biyu ne, gulukos da furaktos, rabi da rabi, kuma waɗannan biyun su ne ƙashin bayan zuma. Ƙaramin cokali na sukari giram 4 ne, kalori 16. Cokalin zuma kuwa, da yake ta fi nauyi, yana kai giram 7, kalori kusan 21. Abin da zuma ta fi sukari shi ne zaƙinta ya ɗan fi ƙarfi, don haka rabin cokali kan iya wadatarwa. Idan aka zuba ta ba awo saboda an ɗauka magani ce, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2015, ta lissafa zuma cikin sukarin da ake ƙarawa a abinci, ta ce ya fi kyau kada ya wuce kusan giram 25 a rana, wato ƙananan cokula 6.

Kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko ɗigo. Tana iya ɗauke da ƙwayar cutar botulizim mai shanye jiki, wadda hanjinsa bai yi ƙwarin da zai kare shi daga ita ba.

Dabino ya ɗan fi, in an ci shi da ɓawonsa. Kusan kashi biyu cikin uku na busasshen dabino sukari ne, amma yana da harza wajen giram 7 a kowane giram 100, ga sinadarin fotashiyam, kuma harzar tana rage saurin shigar sukarin cikin jini. Da zarar an dafa shi an tace an mai da shi ruwan zaƙi, harzar ta tafi da tuka. Ƙwaya biyu ko uku tare da abinci, ba a kan yunwa ba. Mazarƙwaila da sukari mai ruwan ƙasa kuwa, ɗan ma'adinin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba.

Stevia ce kaɗai ta bambanta. Ganye ne da asalinsa Faraguwai da Barazil, zaƙin sinadarin da ake tacewa daga cikinsa ya ninka na sukari sau 200 zuwa 300, ba kalori, ba ya ɗaga sukarin jini. Matsalarsa biyu. Yana barin ɗan ɗaci a bayan harshe in ya yi yawa, sai ki fara da ɗigo biyu a kofi. Sannan ki karanta bayan kwalin, domin wasu kamfanoni suna cakuɗa shi da maltodekstirin ko dekstiros, su kuwa suna ɗaga sukari. A gashin kek ma ba ya ba da laushi da jan launi irin na sukari.

Gare ki, stevia a shayi, dabino da lissafi, zuma rabin cokali jefi-jefi. Ki gwada jininki kafin ci da kuma awa biyu bayan ci, ki rubuta, ki kai wa likitanki.