Amsar tambayarka kan daren kiɗa a falon shaƙatawa

Yaro, saƙonka ya iso ni. Ka ce an kira ku kiɗa a wani falo irin wanda ake haɗa wa mutum abin sha a gabansa, da mai fiyano da mai ganga da mai jitar bes da mawaƙiya ɗaya, kai ne za ka riƙe musu sauti, kana kuma so ka san abin da za ka tarar. Da na so in ƙyale ka ka je ka gane wa idonka, yadda aka yi mana. Abin da ya sa na zauna rubuta maka amsa shi ne layin ƙarshe na saƙonka, inda ka ce manajan ya ce "za mu daidaita bayan an tashi". Tun da na karanta wannan layin raina yake a ɓace.

Naɗe waya, da wace waya ke shiga wane rami, da abin da ake fara kunnawa da wanda ake kashewa a ƙarshe, ba zan ɓata yawuna a kansu ba. Duk wanda ya zauna a ƙarƙashina bai iya waɗannan ba, ya je ya nemi wata sana'a.

Mutanen da za ka tarar a wurin nan ba kiɗa ne ya kawo su ba. Wani ya taso daga aiki a gajiye, wani yana neman wata, wasu biyu suna ƙulla ciniki a lungu. Kiɗanku a ƙarƙashin hirarsu zai zauna, kuma aikinka ne ka ajiye shi a can. Ka sa ido kan teburin da ya fi kusa da lasifika. In ka ga sai ɗaya ya kai bakinsa kunnen ɗaya kafin su ji juna, ka yi yawa. Hirar mutum biyu wajen desibel 60 take a ma'aunin ƙarfin sauti, saboda haka ba wani ƙarfi ake nema a gare ka ba. Akwai wani likitan kunne Bafaranshe, Etienne Lombard, wanda ya bayyana tun 1911 cewa mutum yana ɗaga murya ba da saninsa ba da zarar hayaniya ta ƙaru a kewayensa. To ka duba yadda daren yake lalacewa a hannun wanda bai iya ba: ɗaki ya cika, ya ga kiɗa na nutsewa, ya ƙara sauti, mutane su ƙara murya, shi ma ya sake ƙarawa. Kafin tsakar dare kowa ihu yake, mawaƙiya ta shaƙe, masu zaman arziki sun nemi lissafinsu sun tafi. In hayaniya ta taso, sauke sautin kaɗan. Za ka ga ɗakin ya bi ka ya sauko. Ku yaran yanzu hannunku hanya ɗaya kawai ya sani, wato sama. Kuma ka tuna da masu aiki a bayan kanta, da suke tsaye a wurin kowane dare. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta sa iyakar desibel 85 ga awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Kunnensu amana ne a hannunka.

Ɗakin kansa zai yaudare ka. Irin waɗannan wurare gilashi ne da madubi da tayil, rufin kuma sau da yawa a ƙasa-ƙasa yake. In ka yi gwajin sauti da yamma babu kowa, komai zai yi maka tsini a kunne, sai ka bi ka yanke siririn sauti duka. Da dare jikin mutane da tufafinsu za su shanye shi, sai muryar mawaƙiya ta koma kamar daga bayan bango take fitowa. Ka bar wa kanka sarari, ka gyara bayan an cika. Za ka kuma ji ƙarar ƙanƙara a cikin gwangwanin da ake girgiza abin sha, da injin markaɗe da ke tashi daidai tsakiyar waƙa mai sanyi. Wannan ba a faɗa da shi. Sana'ar gidan ke nan, ita ce ma ke biyan ku.

Mai ganga ya zo da buroshin kiɗa mai sassauta ƙara, ya bar sandunansa a jaka, kuma kada ka sa wa gangarsa makirufo a ɗaki ƙarami. Ita mawaƙiya ka ba ta makirufo SM58. Tun 1966 kamfanin Shure yake ƙera shi, ta gaba yake ɗaukar murya, ta baya kuma kurma ne, shi ya sa lasifikar da take jin kanta da ita za ta fuskanci gindin makirufon. In ta dunƙule kansa da tafin hannu, yadda suke kwaikwayo a bidiyo, ta toshe ramukan da ke hana shi jin baya, nan take lasifika ta yi kuka. Ka gaya mata tun kafin a fara, a gefe, cikin ladabi. In ka ji wani gurnani a ƙasan sauti wanda ba ya tafiya, yawanci kayan sautin ne suke shan wuta ta hanyoyi daban-daban da ƙasarsu, wato wayar kariya daga lantarki, ta sarƙe. Sa akwatin DI, ƙaramin akwatin da ke shiga tsakanin kayan kiɗa da na'urar haɗa sauti, a layin fiyano ko bes, ka danna maɓallin da ke ɗage ƙasa a jikinsa. Ranar da na ji ka karya ƙafar ƙasa ta fulogi don ka kashe gurnani, ranar za mu raba gari, domin wannan ƙafar ce ke tsakanin leɓen mawaƙiya da wutar lantarki.

Yawanci zango uku ake yi, kowanne kamar minti 45, da hutun minti 15 a tsakani. Zangon farko kujeru za ku yi wa kiɗa, don haka a yi shi da taushi, jaz mai sanyi ko bosa nova ta Brazil. Na biyu shi ne daren. Na uku abin sha ya fara aiki, za a fara aiko da takardu ana neman waƙoƙi, wani zai taso yana so a ba shi makirufo ya taya matarsa murnar zagayowar ranar haihuwa. Yatsanka ya zauna kusa da maɓallin kashe layi. A lokacin hutu ka sa kiɗan faifai ƙasa-ƙasa, domin in ɗaki ya yi tsit mutane kan duba agogo. Tafi kuwa kada ku sa rai da shi sosai. Ana iya gama waƙa mai kyau teburi biyu kawai su tafa, kuma na sha ganin yara sun kumbura fuska saboda haka, suna ganin an raina su. Mutumin da ya ƙara awa ɗaya a kujerarsa ya yaba muku ke nan.

Yanzu ga maganar manaja.

Lokacin ina da ƙarfina na daɗe ina tara kuɗi, ina hana kaina abubuwa da yawa, har na sayi miksa, wato na'urar haɗa sauti, mai layi 16, sabuwa a kwalinta. Ba ta daɗe a hannuna ba aka kira mu irin wannan falon. Manajan mutum ne mai fara'a, ga baki mai daɗi, "Oga" kawai yake kirana. Muka yi ciniki da baki: zango uku, biya bayan an tashi. A zamaninmu maganar mutum ta isa. Na kafa teburina a bayan ɗaki jikin bango, inda zan ji abin da baƙi ke ji. Ya zo ya ce wannan wurin teburin baƙi ne, kuɗi yake kawowa, in koma ƙarshen kanta. Ƙarshen kantan nan kuwa nan ne masu kai abin sha ke ɗaukar tire. Na ce masa ruwa da lantarki ba sa zama wuri ɗaya. Ya dafa ƙirjinsa a gaban mai bes ɗinmu ya ce, "Oga, duk abin da ya sami kayanka, ni ne."

Ana tsakiyar zango na biyu, ɗaki ya cika maƙil, wani yaro ya ɗauko tire cike da kofunan gilashi. Wani baƙo ya miƙe da baya yana dariya, gwiwar hannunsa ta daki gefen tiren. Ina gani da idona wani jan abin sha mai kauri, da ƙanƙararsa da yankakken lemun tsami, ya malale a kan miksar ya bi tsagogin maɓallan ja ya shige ciki. Lasifika ta yi tas-tas, ta yi wani ƙara ɗaya, na ji warin ƙuna. Na fizge fulogi, na juya ta na kife, jan ruwan yana ɗiga a kan takalmina. Da ruwan banza ne da akwai fata. Sukari in ya bushe danƙo yake zama, ya manne a kan layukan da maɓallan ke gudu a kai, ya ci gaba da cin su a hankali.

Ba mu tsaya ba. Gidan yana da fiyanon katako a lungu, mai fiyano ya koma kansa, mawaƙiyar ta ajiye makirufo ta shiga tsakanin tebura tana waƙa da muryarta zalla. Ba a taɓa yi mana tafi irin na daren nan ba. Manajan ya zo da murmushinsa ya ce gida ya cika, mu daure mu ƙara zango na huɗu, zai gani. Muka ƙara.

Da aka tashi ya kira ni ofis, ya tura mini takarda. Ya lissafa duk abin shan da baƙi suka aiko wa makaɗa, wanda su baƙin sun riga sun biya, ya cire daga kuɗinmu. Ya lissafa har ruwan da mawaƙiya ta jiƙa maƙoshi da shi. Sannan ya ce tun da rabin daren babu lasifika, ban cika aikin da aka ɗauke ni ba, ya yanke wannan ma. Zango na huɗu kuwa ya ce kyauta muka yi wa gida. Na ce to miksata fa? Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Ni na zuba?" Na kira mai bes ya maimaita masa maganar da ya yi da bakinsa. Manajan ya ce magana ce ta fatar baki, in ina da takarda in nuna. Daga ƙarshe ya ce in ina so sai ya riƙa cirewa daga albashin yaron da ya ɗauko tire. Yaron yana tsaye a bakin ƙofa jikinsa na rawa, albashinsa na shekara bai kai kuɗin miksar ba. Na ce a bar shi.

Abin da na fito da shi bai kai rabin cinikinmu ba. Daga aljihuna na cika wa makaɗa haƙƙinsu, domin ni na kira su. Mai gyara ya buɗe miksar ya wanke abin da zai wanku, layi shida ba su sake tashi ba, sauran kuma suna ƙarar yashi duk lokacin da ka taɓa su. Na koma hayar kayan mutane, ayyuka masu kyau suka riƙa wuce ni saboda ba ni da nawa. Wanda ya fi ci mini rai shi ne da labari ya dawo mini cewa yana gaya wa masu wasu gidajen wai tsofaffin kaya na kawo masa suka mutu a tsakiyar dare. Ya ci kuɗina, ya kashe mini kaya, ya haɗa da sunana. Har yau ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.

Saboda haka ka koma wurin naka manajan kafin ranar, da takarda. A rubuta yawan zango, da lokacin farawa da na tashi, da kuɗin kowane ƙarin zango. A rubuta wanda ke biyan abin da makaɗa suka ci suka sha, da cewa tukuicin baƙi na makaɗa ne. A rubuta inda teburinka zai zauna, da wanda zai ɗauki asara in ma'aikacin gida ko baƙo ya lalata kaya. Izinin kaɗa waƙoƙin wasu a bainar jama'a, a yawancin ƙasashe nauyin mai gida ne, kada ya jingina maka shi. Ka karɓi rabi kafin alƙalami, sauran kuma a hutun ƙarshe, kafin a hau zango na uku, lokacin da yake da sauran buƙata a wurinku. Na san halinku, za ka ce kana jin nauyinsa, kada ya ga kamar ba ka yarda da shi ba. Kuna iya tsayawa gaban kyamarar waya kuna cika baki, amma ku dubi babba ku ce "sa hannu a nan" ya gagare ku. Manajan kirki ba ya jin haushin takarda. In ya fara kame-kame, ka tattara ka bar masa aikinsa, ni zan samo maka wani.

Abu ɗaya zan yarda kun fi mu. Miksar yanzu da ake sarrafawa da tablet tana ba ka damar ɓoye akwatin a bayan makaɗa, nesa da duk wani kofi, kai kuma ka zagaya ɗaki kana saurare. Amma kada ka dogara da ƙaramin wifi da ke cikinta. In ɗaki ya cika da wayoyin mutane yakan yanke, ka tsaya riƙe da gilashin da ba ya jin magana alhali lasifika na kuka. Ka je da na'urar wifi ta daban, ka kuma haɗa kwamfuta da miksar ta kebul a gefe. Kuma ko mai gidan ne da kansa ya ɗora kofi a kan lasifikarka, ɗauke shi ka miƙa masa.

Ka biyo ta shago kafin ranar ka ɗauki akwatin DI biyu da tef ɗin manne waya a ƙasa, domin masu tire ba sa duba ƙafarsu. Ka zo da takardar in karanta kafin ka kai masa.