Filin Tambaya da Amsa: Aika Kayan Masarufi ta Jirgin Ruwa

Tambaya: Ina da kwali 200 na taliya, biskit da kayan gwangwani da zan aika wata ƙasa. In ɗauki kwantena guda ne, ko in haɗa da kayan wasu?

Amsa: Malam, awo ne zai raba maka gardama. Ka auna tsawo da faɗi da tsayin kwali ɗaya, ka ninka su. Kwalin da ke da santimita 40 da 30 da 30 yana cin kubik mita 0.036, kwali 200 ke nan kubik mita 7.2. Wannan bai kai a ɗaukar masa kwantena guda ba, sai dai jigilar haɗin gwiwa da ake kira LCL, inda ake cajin kowane kubik mita ko kowane tan ɗaya, duk wanda ya fi yawa. Kwantena mai ƙafa 20 tana da kusan kubik mita 33 a takarda, amma abin da ke shiga da gaske bai cika wuce 25 zuwa 28 ba. Idan kayanka sun kusa kubik mita 15, ka nemi farashin kwantena guda ka gwada, sau da yawa ita ce mai sauƙi.

Kayan gwangwani da na kwalba nauyinsu ne ke kai iyakar abin da kwantena ke ɗauka kafin fili ya ƙare. Mai ƙafa 20 tana ɗaukar kusan tan 28, mai ƙafa 40 kuwa fili ne kawai ya ninka, nauyin da take ɗauka bai ƙaru ba. Sannan a jigilar haɗin gwiwa ka tambayi ejan da me za a haɗa kayanka. Biskit da ya yi wata guda kusa da sabulu ko turare zai iso da warinsu, kuma ba mai sayensa.

Tambaya: Kayana sun iso kwalayen sama duk a jiƙe, gwangwanaye sun yi tsatsa, takardun jikinsu sun ɓare. An duba kwantenar, ba huji ko ɗaya. Daga ina ruwan ya shiga?

Amsa: Hajiya, ruwan ba shiga ya yi ba, da shi aka rufe ƙofar. Iska mai ɗumi tana riƙe danshi fiye da mai sanyi. Da rana ƙarfen kwantena yana gasuwa, zafin ciki kan haura digiri 50, danshin da ke cikin kwali da katako da daɓen kwantenar ya tashi ya cika iskar. Da dare, ko idan jirgi ya shiga yanki mai sanyi, rufin ya huce, danshin ya taru a jikinsa kamar raɓa a murfin tukunya, ya riƙa ɗiga a kan kaya. Haka zai yi ta maimaituwa kullum har tsawon tafiyar. Wanda ya buɗe irin wannan kwantena zai ga ɗigon ruwa jere a rufi, kwalin sama ya yi laushi ya lotsa, na ƙasa kuwa yana nan garau.

Maganinsa yana wurin lodi. Kada a loda kaya ana ruwan sama, kada a kawo kwalin da ya kwana a sito mai laima. Katakon da ake jera kaya a kai ya zama busasshe, domin ɗanyen katako shi ne babban mai ɓoye ruwa. A rataya jakunkunan tsotse danshi, waɗanda ake yi da sinadarin kalsiyam kulorayid, a ƙugiyoyin bango daga ciki har bakin ƙofa, gwargwadon adadin da mai yin su ya ƙayyade na girman kwantenar da kwanakin tafiya. A shimfiɗa takarda mai kauri ko bargon tsotse ruwa a saman lodin, a bar ɗan fili tsakaninsa da rufi.

Kafin kwali ɗaya ya shiga, mutum ya shiga cikin kwantenar a rufe shi na minti ɗaya. Duk inda haske ya ratso, ruwa ma zai ratso. Ya shinshina daɓen, ya shafa shi da hannu. Idan da wari, ko maiƙo, ko robar bakin ƙofa ta tsage, a mayar da ita a karɓo wata. Muna matsa wa mutane a kan wannan sosai, don asarar da minti goma za ta hana ba ƙarama ba ce. Cakulan da duk abin da ke narkewa kuwa, sai kwantena mai sanyi, a saita ta wajen digiri 15 zuwa 18.

Tambaya: Waɗanne takardu ne dole, kuma me ke sa a tsare kaya a tasha?

Amsa: Ɗan'uwa, na kullum su ne takardar shaidar lodi da kamfanin jirgi ke bayarwa, takardar farashi, jerin abin da ke cikin kowane kwali, da shaidar ƙasar da aka yi kayan. Abinci kan buƙaci ƙarin shaidar lafiya, musamman mai nama, madara ko kifi. Tun 1 ga Yulin 2016 ba a ɗora kwantena a jirgi sai mai kaya ya ba da tabbataccen nauyinta. Katakon lodi kuma dole ya ɗauki tambarin ISPM 15, alamar an kashe ƙwarin da ke jikinsa, yawanci ta hanyar gasa cikinsa zuwa digiri 56 na minti 30.

Abin da ya fi tsare kaya shi ne saɓani: takarda ta ce kwali 200, kwastam su ƙirga 212, ko lambar HS, wato lambar da kwastam ke tantance nau'in kaya da ita, ba ta dace da kayan ba. Sai dokar ƙasar da za a kai, wadda ake bincika kafin a sayi kaya. Amurka tana son a sanar da hukumarta ta kula da abinci da magunguna, FDA, aƙalla awa 8 kafin jirgi ya iso. Tarayyar Turai ba ta karɓar kayan da suka fito daga dabba sai ta wuraren bincike na musamman. Wasu ƙasashe suna ƙin kayan da wa'adinsu ya ci da yawa, don haka ka lissafa kwanakin teku da na tasha ka cire daga wa'adin. Da zarar kwanakin kyauta, waɗanda ake barin kwantena a tasha ba caji, sun ƙare, kuɗin jinkiri yana hawa kullum ko laifin na wane ne.

Tambaya: Inshora dole ce? Ai kamfanin jirgi ne zai biya idan kaya sun lalace.

Amsa: Abin da zai biya ƙanƙani ne, Malam. A ƙa'idojin Hague-Visby, wato ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na jigilar kaya ta ruwa, an ƙayyade diyyar ne bisa kowane ƙunshi ko kowane kilo, ba bisa kuɗin da ka saye su ba. Akwai kuma tsohuwar dokar raba asara: idan jirgi ya shiga haɗari aka kashe kuɗi wajen ceto shi, duk masu kaya za su haɗa su biya, ko da naka bai taɓu ba. An yi haka da jirgin Ever Given da ya maƙale a mashigin Suez a 2021. Wanda ba shi da inshora sai ya ajiye kuɗin jingina kafin a sakar masa kaya. Ka sayi cikakkiyar inshora mai sharaɗin A, wadda ta fi kowace faɗin kariya, a kan kashi 110 cikin ɗari na darajar kayan, ka kuma sa a rubuta maka ƙarara ko ta haɗa da ɓarnar raɓar cikin kwantena. Idan mai sayar maka ne ya yi inshorar a ciniki irin na CIF, inda farashi ya haɗa da kuɗin jirgi da inshora, mafi ƙarancin kariya ce, mai sharaɗin C, ƙa'idar cinikin ta ɗora masa, kuma ba ta biyan jiƙewar kaya.