Tambaya da Amsa: Yara 70, waƙa ɗaya, wa zan bi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Hajiya. Ni malama ce a wata firamare a Funtuwa. An ba ni darasin CCA, wato al'adu da fasahar ƙirƙira, a aji uku, kuma waƙa da kiɗa na cikinsa. Yarana sun haura 70, kayan kiɗa babu ko ɗaya. In na rubuta waƙa a allo, 'yan gaba kaɗai ke bi na. Akwai yaron da ba ya ji sosai, da yarinyar da ko sunanta aka tambaya sai ta sunkuyar da kai, da wani da ba ya gajiya da ƙwanƙwasa benci. Yaya zan yi da su?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Fara da barin allon nan. Yaron da bai ƙware a karatu ba, kin rufe masa ƙofa tun kafin a buɗe baki.

Tuna yadda muke gaɗa a dandali. Ɗaya ke bayarwa, wasu na amshi, wasu tafi ne nasu, wata kuma ta faɗo a cafe ta. Waƙar ɗaya ce, aikin kowa daban, kuma ban taɓa ganin wadda aka bari a tsaye ba. Haka za ki raba ajinki.

Mai ƙwanƙwasa benci makaɗinki ne, Allah ya kawo miki shi har gida. Kifa masa ƙwarya, ki zuba wa abokansa tsakuwa a gwangwanin madara su yi caki. Amma da sharaɗi: in kin buɗe tafin hannu ya buga, in kin dunƙule ya tsaya cak. Tsayawar ce darasinsa, bugun ai ya iya tun daga gida.

Mai kunya kuwa, kada ki fito da ita gaban aji. Na yi wannan kuskuren a shekarata ta farko, yarinyar ta kwana biyar ba ta zo makaranta ba. Sa ta cikin 'yan amshi biyar ko shida, inda muryarta za ta ɓuya har ta yi ƙarfi.

Na fi damuwa da wanda ba ya ji. Zaunar da shi gaba, inda haske ke kan fuskarki, kada ki juya masa baya kina rerawa, don bakinki yake karantawa. Ya ɗora tafinsa kan ƙwaryar ana bugawa, ko ki hura masa balan-balan ya riƙe da hannu biyu. Sauti zai riƙa motsa masa yatsu. Kada ki ce wasa nake. Evelyn Glennie, makaɗiya 'yar Scotland, ta kurumce tana shekara 12, ba takalmi take kiɗa don ta ji shi ta ƙafa, kuma ita ta ja makaɗa a buɗe gasar Olympics ta Landan a 2012. Ki koyi 'yan alamu na maganar hannu, irin wadda ake yi a makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki a Kano. Ki kuma roƙi iyayensa su kai shi asibiti, wani lokaci datti ne ko ciwon kunne mai ruwa.

Wani uban zai iya zuwa ya ce bai yarda ɗansa ya taɓa kayan kiɗa ba. Kada ki ja da shi. Mayar da yaron cikin masu bayarwa, ranar nan ki zaɓi waƙar ƙirga ko ta gaisuwa.