Ku Tambaya, Mu Amsa: Ƙananan Masana'antu da Hanyar Tsayuwa da Ƙafafunsu

Tambaya daga wani mai injin casar shinkafa a Kura: Ina zuba buhun shanshera mai kilo 100, abin da ke fita ba ya wuce kilo 57, kuma tsakinsa ya yi yawa, dillalai suna rage mini kuɗi. Ina shirin cin bashi in sayi babban inji. Ko wannan zai raba ni da matsalar?

Malam, ka dakata da maganar bashi tukuna. A kilo 100 na shanshera mai kyau, buntu yakan ɗauki wajen kilo 20, dusa 8 zuwa 10, sauran kuma, wato 70 zuwa 72, shi ne shinkafar da ya kamata ta shiga buhu. Kana asarar fiye da kilo goma ke nan a kowane buhu, kuma yawancin wannan asarar tun kafin shinkafa ta isa bakin inji ake yin ta. Babban inji ma idan aka zuba masa hatsin da ya riga ya tsage, tsaki zai fitar.

Abu na farko da za ka saya shi ne na'urar auna danshi, ƙarama ce, tana shiga aljihu. Shanshera tana casuwa da kyau idan danshinta yana kan kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari. Idan ya haura, ƙwayar tana da taushi, inji zai murƙushe ta. Idan ta bushe ƙayau ta sauka ƙasa da 12, sai ta riƙa karyewa kamar ƙashin kifi. Gwajin haƙori da aka saba yana nuna jiƙaƙƙiya, amma ba ya bambance 14 da 11, kuma a nan kuɗinka yake zubewa.

Sai maganar gumi, inda aka fi ɓarna. A wanke shanshera, a kwashe wadda ta taso saman ruwa domin fanko ce. A jiƙa a ruwan zafin da bai tafasa ba, wajen digiri 70, a bari ta kwana. Jiƙon ruwan sanyi na kwana biyu ko uku shi ke kawo warin tsami da masu saye ke ƙorafi a kai. Wajen turarawa kada shinkafa ta zauna cikin ruwa: a sa faranti mai huji-huji a ƙasan tukunya ko duro, ruwa a ƙasa, shinkafa a sama, a rufe da buhun algarara, tururi kaɗai ya ratsa ta na minti 20 zuwa 30 har ɓawon ya fara buɗe baki. Idan ta ƙasa tana dahuwa a ruwa ta sama tana shan tururi, buhu guda zai fito kala biyu. Farantin nan kowane mai walda zai iya yin sa.

Shanya kuma a yi ta kan tamfol ko siminti, kaurin yatsu biyu, a riƙa juyawa duk bayan rabin sa'a zuwa sa'a guda. Idan danshi ya sauko wajen 17, a tara ta a inuwa ta huta na wasu sa'o'i ko ta kwana, sannan a ƙarasa. Dalili shi ne rana tana busar da bayan ƙwaya da sauri alhali cikinta da sauran ruwa, sai ta tsage ta ciki yadda ido ba ya gani. Haka nan busasshiyar shinkafa idan raɓa ko yayyafi ya taɓa ta. Shanyar gefen kwalta da ake gani a hanyar Zariya kuwa, tsakuwa kawai take ƙara maka.

A bakin inji, kada ka haɗa iri biyu. FARO 44, wadda manoma ke kira Sipi, kaurinta da tsawonta daban da na wasu irin, kuma saiti ɗaya ba zai yi wa biyun daidai ba. Idan injinka irin na ƙarfe ne mai ɓarewa da gogewa a zubi ɗaya, shi kansa yana karya ƙwaya, yana kuma cakuɗa dusa da buntu har dusar ta rasa daraja wajen masu abincin kaji. Gyaran da ya fi araha shi ne ƙaramin injin ɓare ɓawo mai robobi biyu a gaba, tsohon injin ya koma aikin gogewa kawai, sannan injin cire tsakuwa. Tazarar robobin ta zama kamar rabin kaurin ƙwaya, kuma a riƙa musanya musu wuri saboda mai saurin juyawa ta fi saurin cinyewa.

Ka yi mako biyu kana auna abin da ya shiga da abin da ya fita, buhu-buhu, kana rubutawa. Idan kana casar buhu 20 a rana ka ƙara kilo 5 a kowanne, kilo 100 ke nan, buhu biyu na 'yan hamsin kullum. Bayan nan sai mu yi maganar babban inji, idan har aikin da ke zuwa maka ya fi ƙarfin wanda kake da shi.

Tambaya daga wani tela a Zariya: Ina da kekunan ɗinki na lantarki guda biyar. Tun da aka cire tallafin mai, kuɗin fetur ke cinye ribar shago. Masu sola sun yi mini lissafin da ya fi ƙarfina. Mene ne mafita?

Ɗan'uwa, tun 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin, wannan tambayar ke yawo a kowane layin teloli. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kira mai sola ya auna shagon yadda yake, maimakon a fara rage wutar da shagon ke ci.

Ka leƙa ƙarƙashin teburin kekunan. Idan babban moto ne mai kuloci, wanda da an kunna shi yake ta gurnani ko ba a taka ba, to shi ne ɓarawon. Yana juyawa lokacin da yaro yake yanka, lokacin da yake zare abawa, har lokacin da ya fita shan shayi. Akwai ƙaramin moto da ake kira sarbo, wanda ba ya jan wutar kirki sai an taka feda, kuma yakan rage cin wuta da fiye da rabi. Yana hawa mazaunin tsohon, da bel ɗaya, makanikin keke zai ɗaura shi cikin sa'a guda. Ga wata fa'ida: moto mai kuloci yana fizgar wuta ninki da yawa a lokacin tashi, abin da ke tilasta sayen babbar inbata. Sarbo ba ya wannan fizgar.

Na biyu, dutsen guga. Guda ɗaya yana jan wat 1,000 zuwa sama, ya fi kekunan nan biyar idan an sauya musu moto. Kada ya taɓa hawa batir. A tara guga a yi ta lokacin da aka kawo wuta, ko a koma na gawayi ko na gas.

Bayan wannan ga lissafi a taƙaice. Kekuna biyar, a ce kowanne wat 100 a matsakaici na awa takwas, yunit 4 ke nan. Fitilu da fankoki su ci yunit ɗaya da rabi. A yankinmu faranti mai ƙarfin kilowat ɗaya yana ba da wajen yunit 4 a rana bayan an cire asara, don haka kilowat ɗaya da rabi ya ishe ka, da inbata mai kilowat 3 mai fitar da tsabtatacciyar wuta, domin na'urar cikin sarbo ba ta son gurɓatacciya. Da yake da rana kuke aiki, batir kaɗan kake buƙata, kuma shi ne mafi tsada a lissafin da aka kawo maka. Idan batir na ruwa ne ko na dalma, kada a sauke shi ƙasa da rabi, kuma a nisanta shi da zafin kwano. A lokacin hunturu a goge farantan aƙalla sau biyu a mako, da safe kafin su yi zafi. Janareta kuma kada ka sayar, dararen jajibirin salla suna nan tafe.

Tambaya daga wata mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Gusau: Kullum kayana suna ƙarewa, amma da ina sayen buhu huɗu na gyaɗa, yanzu da ƙyar nake haɗa kuɗin uku. Ina kuɗin ke tafiya?

Hajiya, alama ce ta cewa kina cin uwar kuɗi kina zaton riba ce. Ga yadda abin yake faruwa. A ce kin sayi buhu a kan naira 100,000, kika sayar da mai da ƙuli kika tashi da 112,000. A ido an ci 12,000. Kika koma kasuwa kika tarar buhun ya zama 115,000. Ribar ta tafi, har da cikon 3,000 daga aljihunki. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari a lissafin hukuma, kuma a irin wannan yanayi farashin kaya ana ɗora shi ne a kan abin da za a sake saye gobe, ba abin da aka saya jiya ba. Ki riƙa tambayar kuɗin gyaɗa duk ranar kasuwa ko da ba za ki saya ba.

Sannan ki ɗauki buhu guda ki bi shi da biro: kuɗin mota, itace, markaɗe, ladan masu suya da matsa, goruna da leda, gishiri da yaji, da ladan ke kanki. Wannan na ƙarshen shi mata suka fi mantawa. Ki yanka wa kanki albashin mako, shi za a taɓa wajen cefane da biki da kuɗin makaranta. Kuɗin sana'a ya zauna a asusu ko jaka daban. Ki kuma rubuta lita nawa na mai da mudu nawa na ƙuli buhun ya bayar, domin gyaɗa mai araha da ba ta da mai ta fi mai tsada tsada.

Bashin da kike bayarwa ma jari ne da ya fita yawo. Ki sa masa iyaka, misali kada jimillarsa ta wuce kashi ɗaya cikin goma na jarinki, kuma wanda bai biya na baya ba ba ya ɗaukar sabo, ko da 'yar ɗaki ce.

Idan kina son ƙarin riba daga buhu guda, ƙuli a ƙananan ledoji da aka liƙe da na'ura ya fi na mudu kawo kuɗi. Sai dai a soya shi ya bushe sosai, ya huce sarai kafin a rufe, in ba haka ba gumi zai taru a ledar ya yi laushi ya yi funfuna. Ki tsince duk gyaɗar da ta yanƙwane ko ta canja kala tun kafin suya. Tana ɗauke da gubar funfuna mai lahani ga hanta, wuta ba ta kashe ta, kuma a ƙuli ta fi taruwa. Manyan kantuna za su nemi lambar NAFDAC, ita kuma tana buƙatar rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da wurin aiki mai tsabta da ba a haɗa shi da madafin gida ba.

Tambaya daga wani mai sayar da yadi a Kano: Ina gudun bashi mai ruwa. Akwai wata hanya? Kuma ta yaya mutum zai kare dukiyarsa daga gobara da ambaliya?

Alhaji, akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019. A tsarin murabaha banki ne ke sayen kayan ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko, ka biya kashi-kashi. Za su nemi rajista da bayanan shige da ficen asusunka na watanni, don haka cinikin da ba ya bi ta banki ba ya zama maka shaida. Ka daidaita wa'adin biya da saurin juyawar kayan: atamfar da za ta ƙare kafin salla ta dace da wa'adin wata shida, amma inji ko gini ba sa mayar da kuɗinsu a wannan lokaci.

Game da masifa, 'yan kasuwar Kano sun ga gobarar Sabon Gari a 2016 da ambaliyar Kantin Kwari a daminar 2022. Kada duk kaya su kwana a rumbu ɗaya. Dila ta hau katako, kada ta zauna a ƙasa. A kashe babban makunnin wuta kafin a rufe shago, domin wutar da aka dawo da ita cikin dare kan tsofaffin wayoyi tana cikin manyan sanadin gobarar kasuwa. Ka riƙa ɗaukar hoton littafin bashi da rasiɗai duk Juma'a kana ajiyewa a intanet, saboda idan littafi ya ƙone, masu bin ka ba sa mantawa, waɗanda kake bi kuwa sai ka ci sa'a.

Idan za ka shiga takaful, wato inshorar Musulunci, ka tambaya a rubuce ko ambaliya tana ciki, don sau da yawa gobara kaɗai takardar ta ambata. Kuma ka faɗi ƙimar kayan ta gaskiya. Wanda yake da kayan miliyan 10 ya rubuta miliyan 5 don ya rage kuɗin shekara, idan ya yi asarar miliyan 4, ƙa'idar da aka saba bi za ta ba shi miliyan 2 ne kawai, rabin asarar, daidai da rabin da ya yi wa rajista. Duk lokacin da farashin yadi ya tashi sosai, ka koma ka sabunta adadin.