Na sayo sabbin kaji, yaya zan haɗa su da na gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Tawa nake. Ina da kaji takwas da zakara ɗaya a tsakar gida, na ƙaro sagaru uku daga kasuwar Badagishiri. Da na sake su sai na gida suka taso musu da sara, har kan ɗaya ya yi jini. Yanzu na kife su da kwando. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kin kyauta da kika raba su, kuma kada ki yi gaggawar sake haɗa su. Saran da ya tayar miki da hankali mai wucewa ne. Abin da ya fi damuna shi ne cutar da baƙuwar kaza ke iya shigowa da ita alhali tana ci tana sha, ido garau.

Cutar Niyukasil, wadda ke share kajin unguwa a lokacin ɗari, takan ɓuya a jikin kaza kwana 2 zuwa 15 kafin ta bayyana. Kuma kin san halin kasuwa: idan cuta ta faɗa garken mutum, yakan kwashi waɗanda ba su kwanta ba ya kai su a saye, a cusa su keji guda da kajin ƙauyuka daban-daban. Shi ya sa kaza mai araha a lokacin hunturu ba ta kwanta mini a rai. Murar tsuntsaye ma, da ta ɓulla a Magarya a 2006, zirga-zirgar kaji na cikin abin da ke yaɗa ta.

Ki ware sagarun nan mako 3 cif, idan da hali wata guda, a wuri mai inuwa nesa da akurki. Kwando ya yi musu ƙunci, a kewaye musu wani lungu. Kaskon ruwansu daban, na dusa daban. Ki fara ba na gida abinci, baƙin su zo ƙarshe, sannan ki wanke hannu da sabulu, ki kakkaɓe takalmi. Kowace safiya ki tsaya ki dube su da kyau. Kashi kore mai ruwa-ruwa, numfashi da buɗe baki, kumburin fuska, gyangyaɗi da sakin fiffike, karkacewar wuya, ko ɗaya kika gani ki kira ma'aikacin kiwo. Tun da sun riga sun cuɗanya, na gidan ma a sa musu ido. Ki kuma ɗaga fiffike ki buɗa gashin gindin wutsiya ki nemi ƙwarƙwata. Kaskar kaji kuwa a tsagar bangon ƙasa take wuni, da dare take fitowa shan jini.

Idan duk lafiya lau suke, a yi musu rigakafin Niyukasil gaba ɗaya, na gida da baƙi, ko allurar Ita-New ko na ɗigawa a ido da ake kira I-2, wanda ake maimaitawa duk wata 4. Rigakafin yana ɗaukar kusan mako 2 kafin ya kama jiki, kuma ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu. Kafson da ake fasawa a ruwan sha ba ya kashe wannan cuta, don Allah kada ki dogara da shi.

Sai maganar haɗawa. Kaji suna da babba da ƙarami a tsakaninsu, kowace ta san wadda za ta kauce wa a bakin kasko, baƙuwa kuwa sai ta nemi matsayinta. Ki sa ragar waya tsakaninsu kamar mako guda, suna ganin juna ba sa taɓa juna, kina watsa gero a gefe biyu na ragar don su saba ci kusa da kusa. Bayan haka ki sa baƙin cikin akurki bayan isha, lokacin da na gida suka natsu, da asuba ki buɗe da kanki ki tsaya a kansu. Su ukun tare za ki shigar, kaza guda ita kaɗai takan sha wuya. Ki ajiye abinci da ruwa wuri biyu ko uku nesa da juna, domin a zafin Tawa kazar da aka hana ruwa wuni ɗaya tana iya mutuwa. A jingina zana ko tsohon turmi inda wadda aka koro za ta laɓe.

Kora da ɗan sara na ƴan kwanaki ba komai, ki ƙyale su. Jini ne ba a ƙyalewa, domin kaji in sun ga ja sai su yi ta caccakar wurin. Mai raunin nan a wanke mata da ruwan gishiri mai ɗumi, kada ta koma sai raunin ya bushe. Idan kin lura kaza ɗaya ce ke jagorantar faɗan, ita za ki ɗauke ki kife kwana biyu ko uku. Idan kuma sagarun ba su kai na gida girma ba, ki jinkirta haɗawar har su tasa.